Bekin soda, kanwa ko maganin kemis: wanne ya dace da mai ƙwannafi a Legas?

Kawuna albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, gidansa kuma yana Agege. Duk wanda ya san hanyar ya san gosulo ne ke cinye lokacin mutum. Ya kan rufe rumfa da la'asar sakaliya, amma ba ya taka ƙofar gida sai an daɗe da idar da isha'i. A lokacin ne zai zauna ya ci abincin kirki na farko tun safe, tuwo da miya ta sha attarugu, ya bi da tsire, ya kora da shayi mai kauri. Kafin rabin awa ya fara minshari. Wajen ƙarfe biyun dare kuma sai a ji shi a tsakar gida yana kai da kawo, hannu a ƙirji, yana gyatsa mai tsami.

Masu ba shi shawara uku ne. Matarsa kanwa take jiƙa masa, kamar yadda ta ga ana yi a gidansu tun tana yarinya. 'Yarsa mai yin kek da cincin na sayarwa ta ce ga bekin soda nan a kicin, a waya ta ga ana cewa shi ne maganin. Yaron kemis ɗin bakin layi kuma ya miƙo masa katin omeprazole. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kama hannuna ya ce, "Kai da ka yi boko, wanne zan bi a cikin ukun nan?" Na ce, "Kawu, ku fara gaya min sau nawa abin yake taso muku a mako, kuma yaushe rabon da a auna jininku." Ya yi dariya ya ce shi magani ya tambaya, ba tambaya ya nema ba. Amma amsar tana cikin waɗannan tambayoyin biyu.

Abin da ke faruwa a ciki

Ciki yana fitar da wani ruwan asid mai ƙarfi don narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta. A daidai inda maƙoshi ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai tsukewa kamar bakin jaka, aikinta ta bar abinci ya shiga, ta hana shi dawowa. Idan ciki ya cika dam, ko mutum ya kwanta da abinci bai faɗa ba, ko tsokar ta yi sanyi saboda taba, maiƙo, ƙiba ko juna biyu, sai asid ɗin ya tsallako sama. Wannan zafin da ke tasowa daga ƙahon zuci zuwa wuya shi ne ƙwannafi. Kumburin ciki da jin nauyi bayan cin abinci ɗan'uwansa ne, sau da yawa tare suke zuwa.

Magungunan kashi biyu ne. Akwai masu kashe kaifin asid ɗin da ya riga ya fito, a nan bekin soda da kanwa da ruwan maganin kemis suke. Akwai kuma masu rage yawan asid ɗin da ciki zai fitar nan gaba, irin su omeprazole.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Abu biyar nake dubawa: saurin kawo sauƙi, tsawon lokacin da sauƙin ke ɗauka, kuɗi, sauƙin samu da sanin awo, sai haɗari. Na fi ba wa na ƙarshen nauyi, domin duk waɗannan abubuwan suna aiki iya gwargwado. Inda suka sha bamban shi ne wanda suke iya cutarwa.

Bekin soda

Da farko a tabbatar abin da ke hannu shi ne. Bekin soda daban, bekin fauda da mata ke kira bakar hoda daban, ita an riga an gauraya ta da wani sinadari mai tsami da sitaci, ba ta wannan aikin ba ce. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne sodar yin sabulu. A Legas mata da yawa suna haɗa sabulun ruwa a gida, kuma waccan sodar fara ce ita ma, a leda marar rubutu ake ƙulla ta. Tana ƙona baki da maƙoshi ƙuna mai muni. Duk farin garin da ba a cikin gwangwaninsa ko ledarsa ta kamfani yake ba, kada ya kusanci baki.

Ta fuskar sauri, bekin soda ba shi da na biyu. Yana haɗuwa da asid ɗin ciki nan take, su rikiɗe su zama gishiri da ruwa da iska irin wadda ke cikin lemon kwalba. Cikin 'yan mintuna mutum zai yi gyatsa mai ƙarfi, zafin ya lafa. Wannan gyatsar ce ke sa mutane yarda da shi, suna cewa iskar da ta dame su ta fita, alhali yawancinta maganin ne ya ƙirƙire ta a lokacin. Sauƙin kuma ba ya daɗewa. Idan ciki babu komai, kafin awa guda ya wuce, ciki kuma ya ci gaba da fitar da asid ɗinsa kamar ba a yi ba.

Kuɗinsa kaɗan ne, gwangwani ɗaya zai yi watanni, kuma duk shagon kayan kek daga Agege zuwa Obalende akwai shi. Awonsa sananne ne: rabin cokalin shayi a shafe, ba a tula ba, a cikin rabin kofin ruwa, a juya har ya narke tas, a sha a hankali.

Matsalar ita ce sodiyam, sinadarin nan da ke cikin gishiri wanda ke tayar da hawan jini. Rabin cokalin nan kaɗai yana ɗauke da sama da miligiram 600. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai miligiram 2,000 a yini, wato kwatankwacin giram 5 na gishiri. Wanda ya sha sau uku ya kusa cinye rabonsa na ranar tun bai taɓa miya ba, kuma mun san yadda magi da gishiri suke a tukwanenmu, balle a yajin tsire da Indomie ɗin mai shayi. Saboda haka mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon ƙoda, mai kumburin ƙafa da mai juna biyu ba nasu ba ne. Yara ƙanana ma haka. A jikin kwalin da ake sayarwa a Amurka an rubuta cewa wanda ya haura shekara 60 kada ya wuce sau uku a yini, kuma kowa ma kada ya ɗauki sama da mako biyu yana sha. Yawan shansa yana karkatar da ma'aunin jini, ya kawo kasala, murɗewar tsoka da rikicewar tunani.

Akwai wani gargaɗin da ya shafi irin su Kawu kai tsaye: ba a shan sa idan ciki ya cika maƙil. Iskar da yake samarwa tana buƙatar wuri. Likitoci sun rubuta labarin mutanen da tumbinsu ya yage bayan sun yi cin ƙoshi sun bi da bekin soda. Abin ba ya yawan faruwa, amma lokacin da ya fi faruwa shi ne daidai lokacin da mutum ya fi son sha, kamar bayan walimar biki ko buɗa-bakin da aka haɗa ƙosai, kunu, dankali da shinkafa a zama ɗaya.

Kanwa

Wannan tamu ce, kuma ba mu kaɗai ba. Yarbawa suna ce mata kaun, suna saka ta a ewedu, Ibo kuma akanwu. Daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Nijar ake haƙo ta, fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna safararta zuwa kudu. Iyayenmu da suke jiƙa ta don ciwon ciki ba su yi kuskuren lura ba, domin a cikin kanwa akwai ainihin sinadarin bekin soda, haɗe da wani ɗan'uwansa da ya fi shi kaifi. Tana kashe asid da sauri, kuma ita ce mafi araha a duk jerin nan.

Sai dai duk aibin bekin soda tana da shi, ta kuma ƙara da nata. Mutane suna jin ana kiranta fotash a kasuwa sai su ɗauka ba gishiri ba ce, alhali sodiyam ne ya fi yawa a cikinta. Ba ta da awo. Gutsuren jar kanwa da na ungurnu ba ƙarfinsu ɗaya ba, wanda aka sayo yau ma ba lallai ya yi daidai da na makon jiya ba, ga ƙasa da yashi da duk abin da ta kwaso daga inda aka haƙo ta. Na tsaya na ga yadda matar Kawu ke yi: ta ɓalli gutsure da turmi, ta jefa a kofin silba, ta jira ruwan ya yi launin ƙasa-ƙasa, ta ɗanɗana da yatsa. Idan ta ji bai yi ba ta ƙara. Awon kenan.

Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Ɗan abin da ake sakawa a miyar kuka ko wake don ya yi laushi wani abu ne daban. Jiƙa ta a sha kullum a matsayin magani shi ne ban goyi baya ba, ko ga mai ƙoshin lafiya.

Ruwan magani da ƙwayoyin taunawa na kemis

A nan akwai farin ruwan nan da ake kira Mist Mag, da irin su Gestid da Gelusil. Yawancinsu magnesiyam ne ko alminiyam ko duka biyun. Magnesiyam yana saki ciki, alminiyam yana ɗaure shi, shi ya sa ake haɗa su don su daidaita juna. Suna aiki cikin mintuna, ba su kai bekin soda gaggawa ba amma sun fi shi daɗewa, musamman idan an sha su bayan abinci, inda sukan kai awa biyu zuwa uku. Ba sa cika ciki da iska sosai, awonsu yana rubuce, akwai lambar NAFDAC da za a duba. Kuɗinsu matsakaici ne, Mist Mag ya fi sauƙi.

Abu biyu za a kiyaye. Mist Mag shi ma akwai bekin soda a cikinsa, don haka mai hawan jini kada ya ɗauka ya tsira. Garin nan masu tafasa a ruwa, irin su Eno da Andrews, su kam bekin soda ne aka yi wa ado da ɗan tsami, hukuncinsu ɗaya da shi. Na biyu, duk waɗannan suna hana wasu magunguna shiga jiki yadda ya kamata, kamar ciprofloxacin da ake yawan ba masu taifot, da tetracycline, da ƙwayar ƙarin jini. A bar aƙalla awa biyu tsakani. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya sha sai da izinin likita.

Gaviscon da ire-irensa dabararsu daban. Akwai wani sinadari a ciki da ake samu daga ciyawar teku, idan ya taɓa asid sai ya zama kumfa mai kauri ya yi iyo a saman abin da ke cikin tumbi, kamar faifai a bakin ƙwarya. Ga wanda matsalarsa ita ce tasowar ruwa mai tsami idan ya kwanta, wannan ya fi dacewa da shi, kuma ana ba masu juna biyu shi a wajen awon ciki. Shi ma yana da sodiyam, amma bai kai na cokalin bekin soda ba. Aibinsa tsada, shi ya fi kowa cin aljihu.

Omeprazole da 'yan'uwansa

Kuskuren da aka fi yi da omeprazole shi ne a sha shi ƙarfe biyun dare ana jiran zafi ya lafa. Ba haka yake aiki ba. Yana rufe famfunan da ke fitar da asid ne, kuma yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ya kankama. Ana shan miligiram 20 sau ɗaya a yini, rabin awa kafin karin kumallo, tsawon kwana 14. Idan ya kankama kuwa sauƙinsa na yini guda ne cur, babu wanda ya kama ƙafarsa. Kati ɗaya ba shi da tsada can, amma jabu yana yawo, gara a saya a kantin magani mai rajista da a saya a cikin mota ko a tire a bakin gada.

Haɗarinsa na sannu ne. Wanda ya shekara yana sha ba da sanin likita ba zai iya samun ƙarancin magnesiyam da bitamin B12, ƙashi ma ya yi rauni. Mafi muni, yana iya ɓoye ciwon da ya kamata a gano da wuri.

Tsakanin masu gaggawa da omeprazole akwai famotidine, wanda ke fara aiki cikin awa guda ya kai wajen awa 10 zuwa 12. Ɗan'uwansa ranitidine an janye shi daga kasuwannin duniya a 2020 saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a ciki. Wanda ya ga tsohon kati a durowa ya zubar.

Madara, citta da na'ana'a

Madara tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, daga baya ta sa ciki ya ƙara fitar da asid. Citta tana taimaka wa tashin zuciya, amma idan ta yi yawa ita ma tana da zafi. Shayin na'ana'a yana rage kumburi, sai dai yana sassauta tsokar bakin tumbi, mai ƙwannafi ya bar shi.

Gyaran lokacin cin abinci

Wannan kyauta ne, kuma shi ya fi wahala a garin da mutum ke kwana a hanya. A bar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo ko katako kamar santimita 10 zuwa 20, tara matasai ba ya yi domin wuya kawai yake lanƙwasawa. Kwanciya a ɓangaren hagu tana rage tasowar asid, mutum zai iya fara kwanciyarsa ta dama yadda aka koyar da mu, ya yi addu'a, sannan ya juya. Da azumi, komawa barci nan take bayan sahur yana cikin manyan dalilai.

Sai maganin ciwon jiki. Masu dako, 'yan acaba da masu tura baro suna shan diclofenac, ibuprofen da piroxicam kamar gyaɗa, sau da yawa ciki babu komai, ga garin Alabukun wanda asfirin ne da sinadarin kafin mai hana barci. Duk waɗannan suna cin bangon ciki. Mai shan su kullum yana kuma neman maganin ƙwannafi, yana ɗiban ruwa ne da kwando.

| Zaɓi | Sauri | Daɗewa | Kuɗi | Awo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Bekin soda | Mintuna kaɗan | Gajere | Kaɗan | Akwai | Sodiyam, iska a cikakken ciki |
| Kanwa | Mintuna kaɗan | Gajere | Mafi araha | Babu | Sodiyam, datti, rashin awo |
| Mist Mag, Gestid, Gelusil | Mintuna | Har awa 2 zuwa 3 | Matsakaici | A rubuce | Karo da wasu magunguna, ciwon ƙoda |
| Gaviscon | Mintuna | 'Yan awanni | Mai tsada | A rubuce | Ɗan sodiyam |
| Famotidine | Awa 1 | Awa 10 zuwa 12 | Matsakaici | A rubuce | Ga mai ciwon ƙoda |
| Omeprazole | Kwana 1 zuwa 4 | Yini guda | Matsakaici | A rubuce | Ɓoye ciwo, illar daɗewa |

Wa zai ɗauki wanne

Saurayi ko magidanci mai ƙoshin lafiya, wanda abin ke taso wa sau ɗaya a wata, dare ya yi kemis ya rufe: rabin cokalin bekin soda ba laifi, muddin cikin bai cika dam ba. Idan gari ya waye ya sayi kwalbar magani ya ajiye, don kada kicin ya zama kemis ɗinsa.

Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ƙoda ya manta da bekin soda, kanwa, Eno da Andrews gaba ɗaya, ya gaya wa likitansa ko ƙwararren mai harhaɗa magani ciwon da yake da shi kafin a zaɓa masa. Mai juna biyu ta faɗa a wajen awo, ta rage yawan abin da take ci a zama ɗaya ta ƙara yawan lokutan.

Wanda abin ke tasar masa idan ya kwanta, Gaviscon bayan abincin dare da ɗaga kan gado. Wanda kuwa yake fama sau biyu ko fiye a mako, ya wuce matakin masu gaggawa. Ya yi kwana 14 na omeprazole yadda ya dace, idan ya dawo ya tafi asibiti a yi masa gwajin ƙwayar cutar H. pylori, wadda wasu likitocin Ostareliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982 cewa ita ke haddasa yawancin gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ta a gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kashe ta da haɗin magunguna na mako ɗaya zuwa biyu. A gaya wa likita idan ana shan omeprazole, domin yana iya ɓoye ta a gwaji. Mutane da yawa da suka shekara goma suna cewa "ina da olsa" wannan gwajin ne ba su taɓa yi ba.

Akwai kuma waɗanda babu ɗaya daga cikin jerin nan da ya dace da su: mai aman jini, mai bayan gida baƙi kamar kwalta, wanda abinci ke tsaya masa a ƙirji, mai ramewa ba dalili, mai amai ba ƙaƙƙautawa, da wanda ya haura 55 abin ya fara masa sabo. Su sai asibiti, ko LUTH a Idi-Araba, ko LASUTH a Ikeja, ko babban asibitin da ya fi kusa. Idan kuwa nauyi ne a ƙirji yana tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa ga ƙarancin numfashi, wannan na iya zama bugun zuciya, a kira lambar gaggawa 112 ko 767, kada a tsaya jiƙa komai.

Shi Kawu da ƙyar na ja shi aka auna jininsa, ya kuwa hau. Kofin silbar kanwa ya koma aikin shan ruwa, bekin soda ya koma wajen kek. Yanzu a kasuwa yake cin tuwonsa bayan la'asar kafin ya shiga mota, idan ya dawo gida kunu kawai yake sha, an kuma saka bulo biyu a ƙarƙashin gadon. Da na kawo maganar goro, na ce shi ma akwai sinadarin kafin a ciki, sai ya ɓalli wani ya jefa a baki ya ce, "Ɗana, wannan kuma ka bar min shi."